Shingen Ƙyarana a Ƙasar Jos

'Yan'uwana mata, in tafiya ta kai ku Jos, ku leƙa ƙauyukan Birom na wajen Bukuru da Vom. Ƙasa ce ta duwatsu da sanyi, ga tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa. Amma abin kallo shi ne shingensu. Ƙyarana ce, 'yar'uwar tinya, kore shar, mai ƙaya, ta fi mutum tsawo. Mutanen da can suka dasa ta kewaye da gidaje don ta tare mahara.

To, a kalla daga nesa, musamman in da yara. Reshe na karyewa sai farin ruwa ya tsattsafo kamar madara. In ya faɗa ido, ko yaro ya taɓa ya murza, sai zafi kamar an zuba barkono, ga hawaye, ga kumburi, gani ya dushe. Zafin kuwa ƙaruwa yake yi bayan sa'o'i.

Nan take a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 20, a nufi asibiti. Kada a sa tozali ko nonon uwa. In an je da wuri, ido yakan warware cikin mako ɗaya ko biyu. In an yi sakaci, gyambo yakan fito, ya bar hakiya.