Ƙugiya a Tafin Hannu

Mai karatu, manhajar rubutu irin su Word an ƙera ta ne domin mutumin da ke zaune a kan kujera, da tebur a gabansa, da faffaɗan allo, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. To, mu ɗaliban da muka fito daga ƙauyuka irin Jajaye, a ƙasar Karaye da Rogo, ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan in mun koma gida hutu. Abin da muke da shi wayar hannu ce, ita ma sai an kai ta wurin mai caji an biya. A kanta nake rubuta babi na biyu na kundina, da babban yatsa.

Gaskiya kamfanoni sun yi ƙoƙari. A 2014 Microsoft ya fitar da Word na iPad, a 2015 kuma ya kawo shi wayoyin Android. Aikin ya wuce rage girman hoto kawai. Kibiyar linzamin kwamfuta tana iya taɓa wuri kamar tsinin allura, yatsa kuwa kai gare shi, dole maɓallai su yi girma su ragu, sauran a ɓoye su. Shi ya sa saka jadawali ko bayanin ƙasan shafi a waya yakan ci rabin yini.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙugiya. Tun shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da tsarin haruffa na Rabi'at, ya fid da marubutan Hausa daga wahalar bin takarda da biro suna lanƙwasa wa k da d da b kai. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wata alama, a zana ƙ ko ɗ a wurin. Muddin kwamfuta tana da tsarin, lafiya lau. Waya kuwa ba ta san da shi ba, sai ta nuna ainihin abin da ke ƙasa: "ƙasa" ta zama "}asa" ko "qasa", "ɗaya" ta zama "xaya". Wani abokina ya tura babinsa daga shagon buga takardu zuwa wayarsa, ya buɗe, ya ɗauka aljanu ne suka shiga.

Alhali maganin yana nan. A tsarin Unicode kowane harafi da lambarsa, ƙ daban, k daban, kuma madannan Gboard suna da Hausa. Abin da aka rubuta haka a Jajaye, haka zai buɗe a Kano ko a Zariya.

Roƙona ga malamanmu na sashen Hausa, Allah ya ƙara muku daraja, ku yarda a riƙa miƙa aiki da haruffan Unicode. Yanzu kam sai ɗalibi ya gama rubutu a waya, ya biya kuɗin mota zuwa birni, sannan ya sake biyan mai shago ya bi shafi 80 yana sauya ƙugiya ɗaya bayan ɗaya.