Girkin Taro Ba Wurin Nuna Gwaninta Ba Ne

A wannan mako ina so mu yi magana a kan girkin taro, watau abincin dare na mutum hamsin ko ɗari, irin wanda kan faɗo wa mace ran suna, ko ran biki, ko ran da alhaji ya sauka daga Makka. Abin da zan gaya muku ba a littafi na same shi ba. A bakin murhu na koye shi, ran da na kusa kunyata gidanmu baki ɗaya.

Cikin shekarar 1998 ne, ina amarya, watana bakwai a ɗaki, a cikin birnin Kano. Uwargidana ta haihu, ta sami ɗa namiji bayan 'ya'ya mata uku. Kun dai sani, maijego ba ta zuwa bakin murhu, saboda haka girkin suna ya faɗo kaina. Ana jibi suna maigida ya kira ni, ya ce in yi shirin mutum arba'in. Ya ba da kuɗin cefane, bai rage kome ba.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na yi makaranta, an koya mana girke-girke, na ƙudura sai na nuna wa dangin miji ba ragguwa aka kawo musu ba. Na ce zan yi soyayyar shinkafa da karas da koren wake, in yi waina, in dafa taliya da jar miya, kana in soya kaji. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta saurari lissafina har na gama. Sa'an nan ta ce, "Amarya, hannu nawa gare ki?"

Na ce, "Biyu, Inna."

Ta ce, "To, Allah ya taimaka." Ba ta ƙara kome ba. Ni kuwa ban gane ba.

Ran suna tun asuba na zauna gaban tanda, ban tashi ba sai azahar, wainar kuwa ba ta cika kwano uku ba. Taliyar da na dafa da wuri ta haɗe ta zama curi guda. Shinkafa kuma na zuba ta duka a wata ƙatuwar tukunya da aka aro, na cika mata ruwa, na hura wuta kamar zan gasa sa. Ƙasa ta kama, tsakiya ta caɓe, ta sama kuwa ana jin ƙarfinta a haƙori. Haka nan aka raba aka ci don dole.

La'asar ta yi, mata sai shigowa suke yi, kowace da goyo, da na hannu, da 'yar rakiya. Na daina ƙidaya da na wuce ɗari. Dab da magariba sai ga dangin uwargida daga ƙauye, mota guda, kuma kwana suka zo yi. Na buɗe tukwane, ba kome sai ƙanzo. Ina tsaye nan na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta a bayan katanga, "Ai dama, ina kika taɓa ganin kishiya ta yi girkin suna da zuciya ɗaya?"

'Yan'uwa, da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Matar nan tun da na shigo gidan ba ta taɓa ɓata mini ba, Yaya nake ce mata. In danginta suka kwana da yunwa, ba wanda zai ce rashin sani ne, kowa kishi zai ce, maganar kuwa ta bi ni ke nan har tsufana.

Inna ta same ni a madafa ina kuka. Ta ce, "Share hawayenki, 'yar nan, ba shi zai tafasa tukunya ba. Akwai garin masara a ɗakina, aika a ɗauko." Nan da nan ta sa aka ɗora tukwane biyu. Ɗaya aka yi talge, ɗaya kuma aka zuba ƙashin ragon suna da daddawa da barkono da albasa. Mata uku suka riƙa karɓar muciya, in wannan ta gaji ta miƙa wa waccan. Ita Inna da kanta ta kaɗa kuka. Kafin a fito sallar lisha an kwashe tuwo, kowa ya ci ya ƙoshi, har aka yi ɗumame da safe. Da baƙin suka shiga yabon miya, sai Inna ta ce, "Ai amarya ce ta yi." Ta rufa mini asiri, Allah ya jiƙanta. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Tun daga ran nan na yi girkin taro ba iyaka, ga kuwa abin da na riƙe.

Da fari dai, lissafi. In maigida ya ce mutum arba'in, abokansa da 'yan'uwansa ya ƙidaya, bai san da goyo da 'yan rakiya da maƙwabta ba. A sha'anin suna da biki, abin da ya faɗa ki ninka shi. Kada kuma ki dogara ga tiya ko mudu, domin na wannan gari ba ɗaya yake da na wancan ba. Ki ɗauki gwangwanin madara ƙarami, shi ne ma'aunin da ba ya sākewa. Ni a gwajina, gwangwani ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ƙosar da babba ɗaya, yara biyu kuma a madadin babba guda suke. Garin tuwo kuwa nakan sa wa babba gwangwani ɗaya da rabi. Watau mutum 50, shinkafa gwangwani 50, ki ƙara 5 don mai zuwa a makare. Ki auna tiyarki sau ɗaya ki san gwangwani nawa take ci, kin huta. Ku 'yan makaranta, ga inda lissafinku zai yi wa iyayenku rana. Ku ɗauki fensir da takarda ku zauna kusa da su.

Na biyu, zaɓen abinci. Abinci ɗaya da miya ɗaya sun isa. Na taro kuwa shi ne mai hali uku: ana dafa shi a tukunya guda, yana jiran mai ci bai lalace ba, in mutane suka ƙaru ana iya ƙara shi cikin gaggawa. Duk abin da ake yi ɗai-ɗai, kamar waina da sinasir da funkaso da ɗanwake, ki bar shi sai ran da kuke ku kaɗai. In kuwa lalle sai an ci waina, a ba mai sana'arta kuɗi ta toya ta aiko.

Tuwo shi ne sarki. Na masara ko na dawa da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa ba abin da ya fi su sauƙi da arha, miyar kuma in ta yi kaɗan sai a ƙara ruwan nama a ƙara kaɗi. In kina son abin fita kunya, ki yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ki dafa nama da ƙashi da daddawa da kayan miya, ki yanka kabewa manya-manya ki zuba. In ta dahu ki tsame ta ki dama, ki mayar, ki zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa. Alayyafo da 'yar yakuwa su ne na ƙarshe, don kada su narke. Kabewa da gyaɗa su ke ba miyar kauri, saboda haka nama kaɗan ya wadatar da jama'a.

Wake da shinkafa da mai da yaji, wanda yara ke ce wa garau-garau, ba ya bukatar miya ko kaɗan. Kashi biyu shinkafa, kashi ɗaya wake. Ki wanke waken sosai, ki zubar da ruwan tafasar farko, domin waɗansu masu ajiya sukan sa masa maganin ƙwari. Shi ake fara ɗorawa da 'yar kanwa, sai ya yi laushi kana a zuba shinkafa. Kanwar kada ta yi yawa, takan ɓata launi, ta kuma ɓata ciki. Ki soya man gyaɗa da albasa, ki daka yaji, ki yanka tumatir da latas in da hali, shi ke nan.

Dafa-duka ma haka. Ki soya albasa da tumatir da tattasai da attaruhu a cikin mai, ki sa daddawa da busasshen kifi, ki tsaida ruwa, in ya tafasa ki zuba shinkafa. Akwai kuma dambun tsakin masara da zogale, wanda ake turarawa a madambaci, a sauke a zuba mai da albasa da ƙuli-ƙuli, a sake turarawa. Shi ko ya huce da daɗinsa. In kuwa aljihun maigida ya yi sanyi, faten tsaki da wake da yakuwa ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne baƙo ya tashi da yunwa.

Na uku, ki sani babbar tukunya halinta dabam ne. Wuta a gindinta take ci, sama kuwa ba ta samu, abin da ya same ni ke nan. Gara tukwane biyu madaidaita da ƙatuwa guda, in ɗaya ta ɓaci ɗaya ta fid da ke. Shinkafa mai yawa ki ba ta tafasa ɗaya tukuna, ki tsame a kwando ki ɗauraye, kana ki mayar da ruwa kaɗan, wanda bai wuce gaɓar yatsa ɗaya bisa kanta ba. Da ruwan ya fara tsotsewa sai ki janye itace, ki bar garwashi ya turara ta, murfi a rufe. Mai girki da gas ta rage wuta ƙwarai. Gishiri da barkono kuma kada ki ninka su bisa lissafin ƙaramar tukunya. Ki zuba kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa, gama ana ƙara gishiri, amma ba a tsame shi.

Na huɗu, ba a fafe gora ran tafiya. Ana gobe taro ki kai niƙa, ki tankaɗe gari, ki tsince shinkafa da wake, ki daka yaji. Ki markaɗa kayan miya ki tafasa su har ruwansu ya ƙone, ba za su yi tsami ba. Ki tanadi itace ko gawayi fiye da zatonki, a cika randuna da ruwa, a aro tukwane da farantai tun da rana. Kada ki ji nauyin kiran maƙwabta da 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ki ba kowace aikinta: wannan tuƙi, wannan miya, 'yammata wanke-wanke da kai abinci.

Na biyar, rabo. Abinci da yawa ba a tukunya yake ƙarewa ba, a hannun masu rabo ne. Mace ɗaya tak, babba wadda ake jin nauyinta, ita za ta riƙe mara da ludayi. Nama a tsame shi daga miya a ajiye gefe, a riƙa ɗorawa da ƙidaya, in ba haka ba na farko su cinye, na baya su sha romo. Kafin a ba kowa, ki ɗebi na maza a zaure, da na surukai, da na maƙwabta, sa'an nan ki cika kula guda ki kai ɗaka ki rufe. Wannan ta baƙin magariba ce, ba su taɓa fasa zuwa.

Saura magana ɗaya, ta lafiya. Likitoci sun nuna akwai wata ƙwayar cuta a cikin shinkafa wadda tafasa ba ta kashewa. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi-ɗumi, sai ƙwayar ta hayayyafa, ta bar dafin da ke sa amai da gudawa, ɗumamawa kuwa ba ta kawar da shi. Saboda haka kada ki dafa ta dare tun da hantsi. In ta fara hucewa kada ta wuce awa biyu a ajiye, balle lokacin bazara. Abin da ya ragu, mai firiji ta sa, wadda ba ta da shi ta rabar tun da daren, ga almajirai ga maƙwabta. Miya kuma a tafasa ta kafin a kwanta, a sake tafasawa da safe.

Yaron nan da aka raɗa wa suna ran nan ya yi aure a shekarar 2024. Yaya ta ce ba mai riƙe mata girkin walima sai ni. Tuwon shinkafa da miyar taushe na yi, da zoɓo, ba ƙari. Ana gobe walima wata 'yar ƙanwata da ta gama makaranta ta zo da takarda, ta rubuta abinci iri shida. Na saurare ta har ta gama, kana na ce, "'Yar nan, hannu nawa gare ki?" Yaya ta yi dariya har da hawaye, domin ita kaɗai ta san inda maganar ta fito.

To, 'yan'uwa, wadda ke da taro a gaba ta gwada ta gani. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a tukwanenmu. Sai mako mai zuwa.