Gashin da Ya Ƙi Rabuwa da Zongo

Duk mai gyaran hoto a kwamfuta zai gaya maka cewa cire mutum daga wurin da aka ɗauke shi abu ne mai sauƙi, sai an zo kan gashi. Kafaɗa tana da iyaka, hula tana da iyaka, hannun riga ma haka. Amma kaurin silin gashi yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma a mafi yawan hotuna ya fi ɗigon hoto sirantaka. Saboda haka ɗigo ɗaya a gefen kai yakan zama gauraye, wani kaso launin gashi, wani kaso launin bangon da ke baya. Babu almakashin da zai raba su.

A nan Zongon Kwatano wannan sana'a ta kankama. Da Sallah ta gabato, ko lokacin biki da suna, sai shagunan hoto na unguwa su cika. Wannan yana son Ka'aba a bayansa, wancan dogayen benayen Dubai, wani kuma farin bango kawai don takardu. Da yake matanmu galibi suna rufe kai, wahalar tamu ta fi fitowa a mayafi shara-shara, da bakin leshi, da gemun dattijo, da kitson 'yan mata, da gashin jariri kafin wanzami ya zo ranar suna.

Dabarar ita ce, mai gyara yakan ɗora wani shafi a kan hoton. Inda ya shafa baƙi sai wurin ya ɓuya, inda ya bar fari sai ya fito, toka-toka kuwa rabi da rabi ne. Tsakanin baƙin da farin akwai matakai 256, kuma a cikinsu ake ceto gashi sili-sili. Bayan haka sai a wanke launin tsohon bango da ya maƙale a gefe, in ba haka ba sai ka ga mutum a gaban Ka'aba da koren fentin shagonsu kewaye da kansa. Photoshop ta fito a 1990, a 2016 ta zo da sashen Select and Mask don irin wannan aiki, a 2018 kuma shafin remove.bg ya fara yin sa cikin daƙiƙoƙi. Sai dai na'ura kintace take yi. Inda ta rasa gane gashi da bango, sai ta yi wa mutum aski ba da izininsa ba.

Sauya bango ba yau aka fara ba a Afirka ta Yamma. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yakan rataya zane mai ado a bayan mutane. Philip Kwame Apagya na Ghana ya shahara da labule mai zanen firiji cike da abinci, ko jirgin sama. Amma a wancan lokaci mutum da ƙafarsa ya je ya tsaya gaban labulen, haske ɗaya ya sauka a kansu tare. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya kuwa, tun daga 1968 ya ɗauki hotunan kitso kusan dubu a gaban bango marar ado, don kowane layi ya fito. Ya san gashi ba ya son hayaniya a bayansa.

Hoton kakanmu guda ɗaya tak muke da shi. Yana zaune a ƙofar shagonsa, huhun goro a gefe, farin gemunsa ya sauka a ƙirji, bayansa bango mai farar ƙasa. Da dangi suka yanke shawarar a ƙara girmansa a sa masallacin Madina a baya, ni aka aika. Yaron shagon ya yi wuni yana fama, sannan ya juyo ya ce mini, "Yaya, gefen gemun Baba da bangon nan sun zama abu guda. In na cire ɗaya, dole na rage ɗayan." Na kai wa gwaggona maganar. Ta daɗe tana kallon hoton a waya, ta nuna mini ma'aunin da ke rataye, da bencin da fatake suke zama in sun sauka. Ta ce, "Ɗana, Madina tana nan, kowa ya san ta. Wannan ƙofar fa, wa ya rage da ya san ta?" Aka bar hoton yadda yake.

Mu ma a rediyo muna da irin wannan. In na naɗi hira a bakin titi, ƙarar baburan zem da kiran salla suna shiga cikin muryar mutum. Akwai manhajar da ke share su, amma in ka matsa mata, sai muryar ta koma kamar daga cikin gwangwani. Wurin da mutum ya tsaya yana cikin muryarsa, kamar yadda yake cikin gefen gashinsa.

Kwatano kuma tana sauyawa da sauri. A farkon 2017 an kwashe rumfuna da shaguna masu yawa daga bakin manyan tituna. Zongo sunansa zango, masaukin matafiya, kuma tarihin masauki ba kasafai ake rubuta shi ba. Sau da yawa bayan hotunanmu ne kaɗai shaidar yadda unguwa take a da.

Ban hana kowa tsayawa gaban Dubai ba, kowa da burinsa. In za a yi, a ɗauki hoton gaban bango mai launi ɗaya wanda ya saɓa da na gashi, mutum ya ɗan matso gaba daga bangon, a tura shi a WhatsApp a matsayin fayil don kada ya dusashe. Roƙona ɗaya ne, mai karatu: kafin a goge baya, ka adana na asali. Jikanka zai so ya ga fuskarka, zai kuma so ya san a ina ka tsaya.