Minti Shida

Tafiyar minti 6 ce kawai. A barandar asibiti a Sakkwato aka sa Yaya ya yi ta kai da komo a tsawon mita 30, da ɗan maƙali a yatsarsa mai nuna yawan iskar da ke jininsa. Lambar ta fara daga 94 tana gangarowa, 90, 87, 84, ni kuwa ina biye da tukunyar oksijin, bakina ya bushe ƙamas. Mutumin da a da yake taka keke daga Boɗinga zuwa Shagari ya dawo kafin la'asar.

Tarin tibi ya warke bayan magani na wata 6, amma ya bar masa huhu duk tabo. Likita ya ce abin da ya rage sai dashe, kuma sai an aika takardu Cennai, a Indiya, su duba ko ya cancanta. Daga nan muka shiga layin gwaji: busa cikin na'ura har jijiyar wuya ta tashi, hoton ƙirji, awon zuciya, jini kwalba bayan kwalba. Har haƙoransa sai da aka duba. Na yi dariya ranar, ban san ruɓaɓɓen haƙori ɗaya na iya kashe mai shan maganin danne garkuwar jiki ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ana so ciwon ya kai matuƙa, kuma ana so ya kasance da sauran ƙarfin jure wuƙa. Sun ce ya rame da yawa. Inna ta shiga ɗura masa fura da nono safe da yamma, yana kurɓa yana haki.

Na ce a cire huhuna ɗaya, ai biyu ne, kamar ƙoda. Likita ya dube ni da tausayi, ya ce huhun na wanda ya rasu ake jira, kuma a can sai an rasa ɗan ƙasa mai bukata kafin a ba baƙo.

A mota, mun wuce Sifawa, hazo ya rufe hanya, Yaya ya janye robar hancinsa.

"Ƙane, ke nan zama zan yi ina jiran ɗan wani ya mutu?"

Na ce masa ya mayar da robar. Abin da na iya faɗa ke nan.

Amsar Cennai ta iso ta waya mako 3 bayan sadakar bakwai, suna neman sabon awon nauyinsa.