Ɗaki a Kan Taya da Gardamar Ƙasa

Wanda ya ɗora ɗakinsa a kan taya huɗu ya gaji matsalar da magini ke gamawa da ita tun ranar aza harsashi, wato rashin daidaiton ƙasa. Ina magana ne a kan motar tafi-da-gidanka, mai gado da madafa da banɗaki, wadda Turawa ke yawon hutu da ita. Na san ta a shekarun da na yi karatun digirin digirgir a Jamus, inda ni da iyalina muka yi hayarta sau da dama, muka kwana a zanguna iri-iri.

Karkata kaɗan ta isa ta ɓata dare. Ruwan wanka ya ƙi bin magudana, mai ya taru a gefen kasko, mai barci ya tashi da nauyin kai. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne firji. Da yawa daga firjin waɗannan motoci da zafin gas suke aiki, amoniya da ruwa suna gangarowa cikin bututu da nauyinsu. Masu ƙera su sukan iyakance karkatar tsakanin digiri 3 zuwa 6, gwargwadon ɓangaren da ta karkata. Idan aka wuce haka, sanyi ya ragu, a daɗe kuma bututun ya toshe.

A nan jakunkunan iska suke shigowa. Roba ce mai kauri, ɗaya dama ɗaya hagu, da ake girkawa kusa da sifirin na baya, musamman a kan Fiat Ducato, wadda akasarin motocin nan na Turai ke zaune a kanta. Ƙaramin famfo mai aiki da batir yana hura su. Idan kowace jaka tana da bututunta da ma'auninta, direba zai iya ɗaga baya, ko sauke shi, ko tallafa gefe guda, yana zaune a kujerarsa. Ranar da ake ruwan sama, wannan ni'ima ce.

Sai dai ina ganin ana yi wa dabarar yabon da ya fi ƙarfinta. Lissafin a fili yake: idan tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 4 ne, ɗaga baya da santimita 7 digiri ɗaya kacal yake gyarawa. Gaban motar kuwa yana nan yadda ƙasa ta ajiye shi. Saboda haka ban taɓa barin matakan roba da ake hawa da taya ba. Da su nake gyara babbar karkata, sannan in ƙarasa da iska, ina duban ma'aunin magina da na ɗora a kan teburi.

Asalin aikin jakar shi ne taimaka wa sifirin ɗaukar kaya da rage tangaɗi a hanya. Ba ta ƙara nauyin da doka ta yarda da shi, wanda ga mai lasisin ƙaramar mota a Turai kilo 3,500 ne a ƙa'ida. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima za ta iya tsayawa kyam a kan iska, alhali taya da birki suna ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu.

Da safe kuma, kafin a tayar da inji, dole a mayar da iskar dama da hagu daidai wa daida. Bambancin da ya miƙe gado jiya shi ne zai karkatar da mota a kwanar farko.