Zumunta A Ƙafa Take: Abin Da Na Koya A Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

Duk wanda ya taɓa zaman makaranta nesa da gida ya san akwai wata irin 'yan'uwantaka wadda ba ta jini ba, wadda kwano ɗaya da ɗaki ɗaya da fargabar jarrabawa ɗaya suke ƙullawa. Ni dai na yi shekara 3 a wata kwalejin ilimi a Arewa, inda na sami takardar NCE a fannin Hausa, kafin in zo Ibadan in shiga jami'a daga aji biyu. Ban yi wata guda da zuwa ba sai wani da ya riga ni gamawa ya kai ni taron ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejinmu mazauna wannan gari.

Mai karatu zai iya mamakin abin da ya tara mu da yawa a nan. Dattawanmu sun ce tun bayan da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ƙarfafa wa ɗalibai koyon ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ban da nasu, malaman Hausa suka fara samun gurbi a makarantun Kudu. Wasu kuma bautar ƙasa ce ta kawo su suka zauna, wasu karatu, wasu sun ajiye alli sun kama fataucin goro. Mukan haɗu ranar Lahadin ƙarshen kowane wata a unguwar Sabo, wadda aka kafa wa Hausawa tun 1916. Muna da asusu da kowa ke zuba naira 1,000 a wata. Da azumi mu yi shan ruwa tare, da Kirsimeti mu ziyarci 'yan'uwanmu Kirista, a ƙarshen shekara kuma mu yi walima.

Kullum shugabanmu yakan ba mu misali da tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa, wadda aka buɗe a Katsina a 1921, ta kuma yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Shehu Shagari. Yakan ce, "Mu ma wata rana za a ji mu." Wannan magana tana mana daɗi, amma ta sa muka ɗauka cewa darajar ƙungiya tana ga yawan manyan da ta tara.

Da aka ga ni ɗalibin harshe ne, sai aka ɗora mini aikin sakatare. Babban aikina shi ne karanta "Labaran 'Yan'uwa" a farkon kowane taro. Nan da nan na lura cewa labaran suna da zubi guda: an ɗaura wa wane aure, iyalin wane ta sauka lafiya, an yi wa wance ƙarin girma, mahaifin wane ya riga mu gidan gaskiya. Ga kowanne muna da amsa a shirye, ko "Allah ya sanya alheri", ko "Allah ya raya", ko "Allah ya jiƙansa". Abin da ban lura da shi ba shi ne, ba mu da zubin da za a ce wane ya rasa aiki, ko wane bashi ya yi masa katutu. Bahaushe mutum ne mai son rufin asiri. Ko yana cikin wuta, in ka tambaye shi sai ya ce "lafiya lau" ko "sai godiya".

A shekarar 2023 aka shiga matsi. Da farko ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, sannan a ranar 29 ga watan Mayu aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Kuɗin mota ya ninka, masu zuwa taro suka ragu. Cikin waɗanda suka daina zuwa har da abokin ɗakina na kwaleji, wanda ke koyar da Hausa a wata makaranta mai zaman kanta can gaba da Ojoo. Na kira shi sau biyu, ya ce lafiya lau, ayyuka ne suka yi yawa. Dokarmu kuwa ta ce wanda ya yi wata 3 bai biya ba a cire sunansa. Ni da hannuna na ja layi a kan sunansa.

Ranar walimar ƙarshen shekara, bayan na gama karanta labarai an tafa, sai wani dattijo, tsohon malami da ya yi ritaya, ya ɗaga hannu.

"Sakatare, ina yaron nan mai yawan dariya, wanda kuke zuwa tare?"

Na ce, "Baba, an cire sunansa, ya daɗe bai biya ba."

"Ka je ka gan shi?"

"Na kira shi a waya, Baba, ya ce lafiya lau."

Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Haba ɗana, kai da kake karatun Hausa, tun yaushe 'lafiya lau' ta zama labari?"

Ban iya cin abincin ranar ba. Washegari na shiga mota na tafi. Na tarar makarantar ta sallame shi tun watan Yuli, wai Hausa ba dole ba ce. An yi wa iyalinsa aiki wajen haihuwa, ya sayar da babur ɗinsa ya biya asibiti, har an yi suna ba ko mutum ɗaya daga cikinmu. Wannan fa shi ne wanda ya ciyar da ni da garin rogo da ƙuli-ƙulinsa har mako biyu lokacin da guzurina ya ƙare a kwaleji. Na ce, "Ɗan'uwa, me ya hana ka gaya mini?" Ya ce, "Da wane ido zan zo, kowa yana ba da labarin ci gaba, ni in ba da na me?"

A taro na gaba na kawo maganar, amma ba kowa ya goyi baya ba. Ma'ajinmu ya ce in an soke dokar biya asusu zai mutu, kuma gaskiya ya faɗa, don da wannan kuɗin ake kai gudummawar biki da ta rasuwa. Bayan doguwar muhawara aka tsaya a kan cewa ba za a ƙara cire sunan kowa ba sai mutum biyu sun taka sun je gidansa. Aka kuma ƙara sashe a ƙarshen labarai mai suna "Waɗanda ba mu ji ɗuriyarsu ba". Abokina kuwa, wata 'yar ƙungiya ta haɗa shi da wasu 'yan kasuwar Bodija masu son koyon Hausa saboda cinikin hatsi, yana koya musu da yamma. Ya dawo taro, ko da yake har yau ban daina jin nauyinsa ba.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, gobe kaɗan za mu watse, mu ma mu kafa tamu ƙungiyar. In aka ba ɗayanku takarda ya karanta labaran 'yan ajinmu, ina roƙonsa in ya gama da na masu aure da masu ƙarin girma, ya ɗaga kai ya duba kujerun da ba kowa, ya tambayi wa zai je.