Zuwa ga makarantar Alhamis ta unguwar Birni

Ya ke makarantarmu,

Ina kika shiga? Zauren yana nan, amma buhunan wake ne jibge a ciki, tabarmin kuwa gara ta gama da su.

Kin tuna yadda Malama ta kafa ki? Ranar Alhamis almajirai ba su karatu, sai ta roƙi aron zauren. Matan aure suka zo, zawarawa suka zo, har tsofaffi masu jikoki waɗanda Fatiharsu ba ta miƙe ba. Ahalari da Ishimawi muke ja, babin haila, biƙi, wankan gawa, duk abin da mace ke jin nauyin tambayar namiji. Ko sau nawa tsohuwa ta karya aya, Malama ba ta taɓa barin a yi mata dariya ba. "Sake, Inna, Allah na ji," iyakar abin da take cewa ke nan.

Takan ba mu labarin jajin Nana Asma'u 'yar Shehu, masu malfa, da suke kai wa matan ƙauye karatu. Damagaram ba ta bi tutar Sakkwato ba, Barno take kallo, amma wannan gado Malama ta ɗauke shi nata.

Bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙungiyoyi suka yawaita, ke ma aka yi miki takarda da hatimi, aka kira Malama shugaba. Me ya canza? Dala-dalar asusunki ce dai ta sayi gero a yunwar 2005. In famfo ya ɗauke, wanda ba baƙon abu ba ne a Zinder, jarkar farko gidan mai jego take zuwa. A 2013, da ƙishirwa ta kashe mutum 92 a hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga wajen Kance, wa ya tashe mu da asuba zuwa ta'aziyya gidajen da ba mu sani ba?

To, da Malama ta rasu, don me kika bi ta kabari? Ba ki ga muna nan ba?

A'a, ba ke ba ce. Ni ce sakatariya. Ko sadakar arba'in ba a yi ba muka fara jayayyar kujera, na ga ana rabuwa gida biyu na yi shiru don kar a ce na ɗauki ɓangare. Na ce sai bayan azumi, na ce sai bayan damina. Ki yafe mini. Wa ke koya wa amarya wankan tsarki yanzu? Wa ke leƙa gwauruwar da ba ta da kowa?

Littafin asusu yana hannuna, da sunan kowa. Matan Birni, Zango da Sabon Gari, duk wadda ta taɓa zama a tabarmar nan ta zo gidana Alhamis bayan la'asar, da littafinta.